Butar Mai da Injin Tsaga Citta

Shekara goma sha tara na yi ina zuba wa jirgin ƙasa mai a Kafanchan. In kan jirgi ya shigo loko, wato rumfar da ake gyara shi, sai in ɗauki butata mai dogon baki in zagaye shi ina kasa kunne. Duk inda na ji ƙarfe yana ƙara, in ɗiga masa. Wanda ya koya mini aikin ya ce ƙarfen da ke kuka ƙishirwa yake ji, ni kuwa na riƙe maganar har ta bi ni gida. Ƙofar ɗakinmu ba ta taɓa yin ƙara ba, haka ƙofar majami'a, haka keken ɗinkin matar fasto. Akwai shekarar da na sa wa almakashin matata mai ba ta sani ba, ta yanka sabuwar atamfarta da shi. Kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta ce mini komai.

Ƙanena shi ne autan gidanmu. Uwarmu ta rasu yana ɗan shekara shida, saboda haka a hannuna da na matata ya girma. Ya yi ƙoƙari har ya shiga jami'a yana karatun injiniya, shi ne na farko a ƙauyenmu. A shekarar da nake ba da labari, ba a daɗe da canza kuɗi zuwa naira ba, yana ajin ƙarshe.

Ya yi mini bayani cewa a ajin ƙarshe takarda kaɗai ba ta isa. Ana haɗa ɗalibai biyu biyu, su ƙera wani abu da hannunsu, malami ya gani da idonsa yana aiki. In ya yi aiki sun wuce. In ya ƙi, su maimaita shekara. Malaminsu kuma mutum ne mai taurin kai, ya ce shi ba ya ba da maki a ɗakin gwaji, inda ƙasa take a share kuma kowane ƙarfe yake da ladabi. Sai an kai abin wurin mutanen da aka yi dominsu.

Su injin tsaga citta suka ƙera. A wajenmu, in an tono citta gab da Kirsimeti, mata ne suke zama a gindin mangwaro da ƙananan wuƙaƙe, su tsaga kowace gida biyu, a shanya a kan fa. Aiki ne mai cin yatsu. Ƙanena ya tashi yana ganin yatsun matata a ɗaure da tsumma, ya ce shi zai kawo ƙarshen wannan.

Suka iso da injin a bayan babbar mota, shi da abokin aikinsa, wani dogon Bakatsine mai ladabi wanda bai taɓa ganin ɗanyar citta ba. Da muka kai shi gona sai ya riƙa duban sama yana neman itacenta. Injin kuwa akwatin ƙarfe ne mai mazurari a bisa, wuƙaƙe a ciki, da wani faifan ƙarfe a gefe wanda bel yake juyawa.

Washegari ƙanena ya ce, "Yaya, aron keke za ka ba mu."

Na ba su, a zatona kasuwa za su. Da na dawo daga aiki a ƙafa, na tarar da kekena ba ƙafar gaba, an kafe shi a kan katako da ƙusoshi. Ƙafar baya an cire mata taya, an zarga bel a kan ƙarfen har zuwa faifan injin. In mutum ya hau ya taka feda, wuƙaƙe su juya. Na tsaya na daɗe ina dubansa.

"Ba mu da lantarki a nan, Yaya," in ji shi.

"Na sani. Keke ne dai muke da shi."

Matata, wadda take kiransa mijinta tun yana yawo ba wando, ta zo da matan zumuntar majami'a su ga abin. Ta zagaye shi hannunta a ƙugu.

"Mijina, wannan ne zai ƙwace mana aiki?"

"Hutar da ku zai yi, uwargida."

"To in mun huta, a ina za mu riƙa yin gulma?"

Wata tsohuwa ta leƙa cikin mazurarin ta tambaya ko yana cin gyaɗa. Bakatsine ya fara yi mata bayani da gaske, har da zane a ƙasa, sai da ƙanena ya ja shi gefe ya ce masa tsokana ce.

Ni aka zaɓa in riƙa tuƙawa, domin ƙafafuna sun saba da hanyar Kafanchan safe da yamma. Kwana biyu muna gwaji, injin yana tsaga citta daidai gwargwado. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Duk juyi ɗaya sai wani wuri ya ce ƙii, siririn kuka kamar na ɗan tsako. Kowa bai damu ba, ni kuwa har cikin haƙorana nake jinsa.

"Ba ka jin kukan nan?" na tambayi ƙanena.

"Ba komai, Yaya. Sabon bel ne."

Ni dai a wurin aikina, mutumin da ya bar ƙarfe yana kuka a gaban babban baƙo ya zubar da mutuncin loko duka.

Ranar da malaminsu zai zo na ɗauki hutu. Matata ta wanke fararen rigunan da ɗaliban suke sawa a ɗakin gwaji, ta sa musu bula, ta goge da dutsen guga na gawayi har suna tsayawa da kansu. Ta ja musu kunne cewa duk wanda ya ɓata tasa kafin baƙo ya gani, da ita zai yi. Da hantsi suka tafi bakin titi su tari motar malamin, don kada ya zarce zuwa garin Gidan Waya.

Aka bar ni da injin da butata.

Na sa wa sarƙa mai, na juya feda da hannu. Ƙii. Na sa wa feda, na sa wa kowane gaɓa da na gani. Ƙii. Na durƙusa na bi kukan da kunne har na kama shi, a daidai inda bel yake hawa kan faifai. Akwai wata 'yar takarda da aka ɗaura a wurin da zare, da rubutun Turanci manya manya. A lokacin ban san karatu ba, ko na Hausa, amma na san takarda abin girmamawa ce. Na kwance ta a hankali don kada mai ya taɓa ta, na ninke, na sa a aljihu. Sannan na shafe bel ɗin ciki da waje, na shafe faifan, na shafe ƙarfen ƙafar keke. Ban yi rowa ba. Na juya feda, shiru, wuƙaƙe suna tafiya kamar a ruwa. Ban zuba citta na gwada ba, domin an riga an wanke ta an jera a kwando saboda baƙo. Na je na sa rigata ta zuwa sujada ina jin kaina babban yaya.

Malamin gajeren mutum ne mai tabarau, mai magana a hankali, Hausarsa irin ta Kano. Ya tarar da garin duka a gindin mangwaro. Dagaci yana kan kujera, matan zumunta sun sa anko sun kawo tulun kiɗansu. Fasto ya yi addu'a, ya sa wa injin albarka, da jami'a, da citta, da masu sayen citta, da lebura masu loda ta a tarago. Malamin ya ce amin tare da mu.

Na hau keke. Na taka, wuƙaƙe suka juya. Ƙanena ya ɗauki citta cike da hannu biyu ya zuba a mazurari, mata suka fara kiɗa.

Wuƙaƙen suka tsaya cik.

Ni ban tsaya ba. Feda ta yi sauƙi kamar ina gangara tudu, ƙafar keke tana wulwulawa, amma daga cikin akwatin ko motsi.

"Yaya, ƙara wuta," in ji ƙanena.

Na ƙara. Rigata ta cika da iska. Kiɗan ya yi ta raguwa har ya rage tsohuwa ɗaya tana bugawa, ita ma da ta duba gefenta ta daina.

Malamin bai ɓata rai ba. Ya nemi kujera ya zauna, matata ta kawo masa faten acca a kwano. Ya ɗauki cokali ya ce, "Madalla. Yanzu muka fara jarrabawa. Kuna da lokaci har in gama kwanon nan. In na gama bai yi aiki ba, sai baɗi." Ya juyo wajen jama'a. "Suna iya tambayar duk wanda suka ga dama, ku amsa musu. Amma kada wanda ya faɗa musu abin da ba su tambaya ba. In aka yi haka, na tashi."

Na waiwaya ina takawa, sai na ga ƙarfen ƙafar keke yana sheƙi yana gudu, bel kuma yana kwance a kansa bai san ana yi ba. Na taɓa ganin irin wannan. Haka ƙafar jirgi take yi da damina a hawan tudu, tana juyawa wuri ɗaya in layin dogo ya yi santsi. Shekarar ƙanena ce nake gani tana zamewa a kan man da na zuba da hannuna.

Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Malamin ya dube ni ta saman tabarau ya girgiza kai.

Ɗaliban ba su tambayi kowa ba. Suka tsaya nesa da injin kamar taku biyu saboda fararen rigunansu, suka fito da littafi da wata rula mai zamewa da suke lissafi da ita. Suka yi ta Turanci. Bakatsine ya ce lissafin daidai yake. Ƙanena ya ce shi ma ya ga daidai yake. Suka dubi injin kamar shi ne bai yi karatu ba.

Daga nan suka ɗora laifin a kan citta. Bakatsine ya ce wadda suka yi gwaji da ita a makaranta ba ta kai wannan kauri ba.

"To mu ba ta haƙuri ta rame?" in ji tsohuwar nan. "Jiya da shekaranjiya ba ita ya ci ba?"

Ni kuwa na shiga neman hanyar magana ba da baki ba. Na yi tari. Na sake yin tari ina nuna bel da leɓe, yadda muke nuni a wajenmu. Ƙanena ya ce a kawo wa Yaya ruwa. Na sauka na ɗauko butata daga bayan rumbu, na dangwarar da ita a kan injin, na tsaya kusa da ita ina kallon sama.

Bakatsine ya dube ta, fuskarsa ta washe. "Ka ga Baba ya kawo shawara. Wataƙila mai yake so."

Ya miƙa hannu. Na riga shi, na fizge butar na tura cikin rigata, na koma kan keke da ita a ciki. Bakinta ya yi ta sukata a haƙarƙari, mai yana bi mini ciki.

Matata ba ta san komai game da bel ba, amma ta san ni. Ta dubi butar da ta yi tudu a rigata, ta dubi fuskata, ta ɗora hannu a ka, sannan ta sauke da sauri. Ta leƙa kwanon malamin ta ga saura kaɗan. A wajenmu ba a barin baƙo ya ga gindin kwano, abin kunya ne ga mai gida. Ta zo da tukunya ta cika masa.

"Na ƙoshi, uwargida."

"Ba ka ci komai ba, ranka ya daɗe. Ko bai yi daɗi ba ne?"

"Ya yi daɗi ƙwarai."

"To ai shi ke nan."

Ya dubi kwanon, ya dubi ɗalibansa, ya ci gaba da ci. Da ya kusa kaiwa ƙasa, matar fasto ta zo da tata tukunyar, ta ce in ya ci na gida ɗaya ya bar na gidan fasto za a yi magana a gari. Ya sassauta maɓallin rigarsa.

Ɗaliban suka kwance murfin akwatin da 'yan yatsu biyu biyu, suka ƙirga wuƙaƙe, suka tarar duk suna nan. Suka mayar. Suka ce in taka a hankali, na taka. Suka ce in taka da ƙarfi, na taka har hulata ta faɗi. Dagaci ya ce shi a ganinsa na kusa isa Kafanchan.

Na ga zufa tana ɗiga daga haɓar ƙanena a kan littafin. Tun yana ƙarami in ya kusa kuka sai ya riƙa haɗiyar miyau, ga shi yana yi a gaban garin duka. Dariya ta fita daga raina. Malamin ya ajiye cokali ya rufe kwano na uku da tafin hannu, alamar ko wace ce ta zo da tukunya ba zai buɗe ba. Saura loma uku ko huɗu.

Matata ta matso kusa da ƙanena. "Mijina, tuɓe rigar nan. Baƙo ya gan ta, ta gama aikinta."

Ya tuɓe ya miƙa mata. Ya ajiye littafin a ƙasa. Ya ce in daina takawa, ya durƙusa, ya fara bin injin da hannu tun daga feda, yana taɓa kowane abu. Sarƙa, ƙafar keke, bel. Ya tsaya. Ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Warin nan ya san shi, a cikinsa ya girma, da shi nake dawowa gida kowace yamma.

Bai ɗago da sauri ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ka sa wa bel ɗin nan mai?"

"Kuka yake yi."

Fate ya sarƙe malamin, sai da fasto ya bubbuga masa baya. Mata suka kwanta a jikin juna don dariya. Tsohuwar nan ta ce Ubangiji ya kiyaye, wata rana mutumin nan zai sa wa zakara mai don ya daina cara.

Ƙanena bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ba su da wani bel, kuma ba a samu sai a Kafanchan. Ya dubi kwanon malamin, ya dube ni.

"Yaya, in ƙafar jirgi tana santsi a kan dogo, me kuke yi?"

Tun da aka fara, wannan ce tambayar farko da ya yi wa wani. Na ce, "Yashi muke zuba mata."

Bakatsine ya ce yashi zai cinye bel. Ƙanena ya juya ya tambayi matata da me take wanke tukunyar da ta yi maiƙo. Ta ce toka da ruwan zafi. Kafin a ce haka mata sun watse, kowace ta dawo da tokar murhunta. Bakatsine ya tuɓe tasa rigar ba wanda ya ce masa. Suka cire bel suka dirje shi da toka da sabulu, suka goge ƙarfen da kananzir, suka sake dirjewa. Toka har gira. Malamin yana ta juya lomarsa ta ƙarshe a cikin kwano, ya kai ta nan ya mayar da ita can.

Aka mayar da bel, na hau. Ƙafafuna ba su san an gyara ba, da gudun ɗazu suka fara. Citta ta fito ta bakin injin kamar an harba ta da gwafa, ta wuce tabarma, ta tuge hular dagaci. Na rage. Ta riƙa zubowa a tsage, gida biyu gida biyu, sai jefi jefi wadda ta dagargaje. Matata ta tsince dagargazazzun ta ce waɗannan na yaji ne, kada injiniyoyi su ɗauka ba ta gani ba. Suka cinye kwandon duka, aka kawo wani.

Malamin ya kai lomar baki, ya tashi da ƙyar. Ya ce a rahotonsu sun rubuta cewa sun ɗaura gargaɗi a jikin injin, yana ina? Na sa hannu a aljihu na fito da takardar, a ninke, tsaf, ko ɗigon mai babu. Ita kaɗai ce mai tsabta a jikina. Ya buɗe ya karanta, ya ce mini an rubuta kada a sa wa bel mai.

Ya ɗaga ta sama ya tambayi jama'a wa yake karanta Turanci. Fasto ya ɗaga hannu, da malamin firamare.

"Su biyun nan za su riƙa tuƙa muku?" ya tambayi ɗaliban. Suka sunkuyar da kai. "Baba bai ɓata muku inji da mugunta ba. Da ƙauna ya ɓata shi, kuma kowane gari akwai irinsa. Ba zan sa hannu ba sai kun yi yadda mai ƙauna ba zai kai ga bel ɗin nan ba. Ina nan zaune, dama ba zan iya tuƙi yanzu ba."

Suka nemi tsohuwar garwar kananzir suka fasa ta da kurfi, suka lanƙwasa ta ta rufe bel da faifai, suka yi mata marfi. Na ce zan riƙe musu guduma, suka ce in huta. Matata ta ciro kwaɗon akwatin kayanta ta ba su, suka datse marfin da shi. Malamin ya jijjiga murfin, ya nemi inda bakin buta zai shiga ya rasa. Ya shimfiɗa takardarsa a kan motar ya ciro biro, sannan ya dakata.

"Wa zai riƙe mabuɗi?"

Ni ne babba a gidan, saboda haka na miƙa hannu. Ƙanena ya tsallake hannuna cikin ladabi ya ba matata. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu. Malamin ya sa hannu.